Daren da Bayern ta faɗi a Saarbrücken: nazari kan ratar da ke tsakanin rukunan ƙwallon Jamus

An cinye minti 90, an shiga na shida cikin lokacin da alƙalin wasa ya ƙara, ana 1-1. Kowa ya gama sakankancewa za a tafi ƙarin minti talatin. Harry Kane, wanda Bayern Munich ta saya kusan yuro miliyan 100 watanni uku da suka wuce, yana benci bai shiga ba. Sai ƙwallo ta ɓalle ta gefen dama, Tim Civeja ya shimfiɗo ta cikin da'ira, wani ɗan baya mai shekara 34, Marcel Gaus, ya taso a guje daga hagu ya ɗaɗa ta a raga. Manuel Neuer ya bi ta da kallo. Daren Laraba ne, 1 ga Nuwamba 2023, a filin Ludwigspark da ke cin mutum kusan 16,000. Ƙungiyar da a lokacin ta ɗauki kofin ƙalubalen Jamus sau 20 ta fita tun a zagaye na biyu, a hannun 1. FC Saarbrücken ta rukuni na uku, wadda ko a rukunin nata tana can ƙasa-ƙasan teburi.

Washegari aka yi ta maimaita maganar da aka saba ji duk lokacin da irin wannan ta faru: yanzu babu ƙaramar ƙungiya, ratar ta cike, kuɗi ba ya buga ƙwallo. Ni ban yarda ba. Kuma babu abin da ya fi ƙaryata wannan magana kamar tafiyar ita Saarbrücken ɗin a wannan kaka, idan aka bi ta daga farko har ƙarshe ba a tsaya a kan dare guda ba.

Yadda aka gina gasar

Sai an fara sanin dokar kofin kafin a fahimci abin da ya faru, domin rabin labarin a cikin dokar yake. Kofin DFB-Pokal ƙungiya 64 ke shigarsa. Duka 36 na Bundesliga da rukuni na biyu suna ciki, sai huɗun farko na rukuni na uku, sauran kuma su fito daga jihohi, akasarinsu waɗanda suka ci kofin yankinsu. Wasa ɗaya ake yi, babu gida da waje. In an tashi kunnen doki a ƙara lokaci, in ba a rabu ba a je fenareti. Babu ƙungiyar da ake ɗaga wa ƙafa ta jira a zagayen gaba, Bayern da ƙungiyar ƙauye rana ɗaya ake jefa sunansu a ƙuri'a. Sannan ga babbar: duk ƙungiyar da ke rukuni na uku zuwa ƙasa, in ta haɗu da ta rukuni na ɗaya ko na biyu, a gidanta za a buga, har zuwa wasan daf da ƙarshe. Wasan ƙarshe kaɗai ake kaiwa Berlin, kamar yadda ake yi tun 1985.

Ba ko'ina ake haka ba. A Italiya manyan ƙungiyoyi takwas sai a zagayen 'yan 16 suke shigowa, kuma a gidansu, shi ya sa da wuya ka ji wata ƙaramar ƙungiya ta yi nisa a can. A Ingila ƙuri'a ce zalla, duk wanda aka fara zaro sunansa shi ke karɓar baƙi. Jamus ta zaɓi ta jingina ma'aunin ya ɗan rinjaya wajen ƙarami, da gangan. Saarbrücken ta buga wasa biyar a wannan kofin, duka biyar a Ludwigspark.

Ko shigarta gasar ma da ɗan rabo a ciki. A kakar 2022/23 ta biyar ta ƙare a rukuni na uku, wato ta rasa gurbi da mataki ɗaya. Amma wadda ta zo ta biyu ƙaramar ƙungiyar Freiburg ce, kuma doka ta hana ƙungiyoyin 'yan ko-ta-kwana shiga kofin. Gurbin ya gangaro wa ta biyar.

Girman ratar kuwa, a aljihu ake fara ganinsa. Kuɗin talabijin na cikin gida da rukuni na ɗaya da na biyu ke rabawa ya kai wajen yuro biliyan 1.1 a kaka, kuma kaso mafi tsoka na Bundesliga ne. Ƙungiyar rukuni na uku abin da ke zuwa mata daga talabijin bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Bayern a kakar 2022/23 ta yi cinikin sama da yuro miliyan 850. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sai dai kada a ɗauka 'yan Saarbrücken 'yan dagaji ne da ke tashi daga wurin aiki su zo atisaye da yamma. Rukuni na uku a Jamus, tun da aka kafa shi a 2008, gasar ƙwararru ce ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiya 20, wasa 38, kowa da ƙwallo yake cin abinci. Gaus ya shekara da shekaru a rukuni na biyu. Golan da ya tsare musu raga a kofin, Tim Schreiber, aro aka karɓo shi daga RB Leipzig. Waɗannan mutane ne da za su iya gudu minti 120 su riƙe tsari ba su watse ba. Wannan shi ya bambanta lamarin da irin ranar da Bayern ta zazzaga wa Bremer SV 12-0 a 2021. Can an haɗa ƙwararre da mai sha'awa ne, nan kuwa ƙwararre da ƙwararren da bai kai shi ba.

Ita Saarbrücken ma ba baƙuwar manyan wasanni ba ce, tsufa ne ya kama ta a ƙasa. Tana cikin waɗanda aka kafa Bundesliga da su a 1963. A 1955, lokacin yankin Saar, inda garin Saarbrücken yake, bai koma cikin Jamus ta Yamma ba, ita ta wakilce shi a gasar zakarun Turai ta farko, har ta je San Siro ta ci AC Milan 4-3 kafin a rama mata a gida. A 1977 ta yi wa Bayern 6-1. Rabonta da Bundesliga tun 1993, rabonta da rukuni na biyu tun 2006. A 2020, tana rukuni na huɗu, ta kai wasan daf da ƙarshe na wannan kofin, abin da wata ƙungiyar rukuni na huɗu ba ta taɓa yi ba, sai Leverkusen ta tsayar da ita da 3-0 a fili babu 'yan kallo saboda korona.

Daren Bayern

A watan Agustan 2023 Saarbrücken ta fara da Karlsruhe ta rukuni na biyu, ta ci 2-1 da ƙwallon da Kai Brünker ya jefa ana daf da tashi. Ba wanda ya damu sosai. Sai ƙuri'a ta kawo Bayern.

Abubuwa uku suka haɗu a wannan makon, kuma ko ɗaya bai isa shi kaɗai ba. Na farko filin. Ranar Lahadi, kwana uku kafin zuwan Bayern, an tsayar da wasan lig na Saarbrücken da Dynamo Dresden a hutun rabin lokaci, saboda ruwan sama ya kwanta a fili ƙwallo ta daina tafiya. Filin na hukumar birni ne, an sake gina shi amma magudanar da ke ƙarƙashin ciyawa ba ta ja ruwa yadda ya kamata. Har ranar wasan ana tababar ko za a buga. An buga, a kan ciyawa mai nauyi da laushi. Ana yawan cewa ai fili ɗaya dukansu suka taka, kuma gaskiya ne, amma asarar ba ɗaya ba ce. Ƙungiyar da ƙarfinta ke cikin gajeren fasin da saurin juya ƙwallo ita ce laka ke ƙwace wa makami. Wanda ya zo da niyyar tarewa da cillawa gaba bai yi asarar komai ba.

Na biyu jadawali. Ranar Asabar da ta wuce Bayern ta yi wa Darmstadt 8-0, Asabar mai zuwa kuma za ta je Dortmund. Thomas Tuchel ya yi abin da kusan kowane koci zai yi, ya ajiye Kane da Jamal Musiala da Kingsley Coman, ya fara da Eric Maxim Choupo-Moting da Mathys Tel da matashi Frans Krätzig da Bouna Sarr. Kada a ce yara ya zuba: Neuer na raga, ga Kim Min-jae da Matthijs de Ligt da Alphonso Davies, ga Joshua Kimmich da Leroy Sané da Thomas Müller. Ko wannan rabin-Bayern ɗin, duk ɗan wasan da ka ɗauka a cikinta zai shiga kowace ƙungiya a rukuni na uku ya zama sarki.

Na uku tsautsayi. Müller ya ci a minti na 16 da wani shot daga wajen da'ira, aka ce to, an fara. Jim kaɗan De Ligt ya ji rauni a gwiwa ya fita, kuma babu wani ɗan bayan tsakiya a benci da zai maye gurbinsa, sai Kimmich ya koma baya. Ana shirin tafiya hutu, Kim ya miƙa wa Krätzig wani ɗan gajeren fasin a tsakiya alhali akwai mutum a bayansa, aka ƙwace, aka shimfiɗa wa Patrick Sontheimer ya tura raga. Kuskuren da a wata rana za a yi shi a wuce ba a ko tuna ba.

Bayan hutu aka koma wasan gefe guda. Tuchel ya sako Musiala da Coman da Serge Gnabry, Bayern ta tare a rabin filin masu gida, Schreiber ya yi ta kaɗe ƙwallo, 'yan baya suna zubewa a gabanta. Kane aka ajiye shi domin ƙarin lokacin da bai zo ba. Saarbrücken ba ta kai hari da yawa ba, amma na ƙarshen ya shiga. Bayan an tashi Müller ya je gaban magoya bayan da suka yi doguwar tafiya ya ba su haƙuri, ganin akasarin abokan wasansa sun shige ɗaki ba su ko ɗaga musu hannu ba.

To ga inda nake so mai karatu ya tsaya. Kwana uku bayan wannan, Bayern ta je Dortmund ta ci 4-0, Kane ya zura uku. Kuma a zagayen farko na wannan kofin dai, a watan Satumba, Bayern ta je gidan Preußen Münster, ita ma 'yar rukuni na uku, ta ci 4-0 ba tare da gumi ba. Münster ɗin nan ita ce ta ƙare kakar a matsayi na biyu ta haye rukuni na biyu, ta bar Saarbrücken a baya. Wato ƙungiyar da ta fi Saarbrücken a tsawon wasa 38 an casa ta, wadda ba ta kai ta ba ta yi nasara. In da sakamakon kofi ma'aunin ƙarfi ne, wannan lissafin ba zai taɓa fita ba.

Dalilin a cikin yanayin wasan kansa yake. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ake cin kaɗan. A ƙwallon kwando, inda ake jefawa sau da dama, wanda ya fi ƙarfi yana da lokacin da zai gyara kuskurensa, fifikonsa ya fito. A nan kuwa ƙungiya na iya samun dama goma sha biyar ta ci ɗaya, abokiyar karawarta ta samu uku ta ci biyu. A lig irin wannan ranar maki uku ce ta tafi, mako mai zuwa a rama. A kofi babu mako mai zuwa. Idan aka ce Bayern za ta ci Saarbrücken sau tara cikin goma, ba a ce ba za a taɓa ganin na goman ba. Kuma da yake kowace shekara ana buga irin wannan haɗuwa da dama a zagayen farko da na biyu, dole wani wuri na goman ya faɗo. Bayern kanta ta sha gani: Vestenbergsgreuth a 1994, Magdeburg a 2000, Holstein Kiel ta rukuni na biyu a Janairun 2021.

Amma sau uku fa?

Nan ne hujjata ke fuskantar tambaya mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Sa'a takan zo sau ɗaya. Saarbrücken kuwa ƙungiyoyin Bundesliga uku ta kora a jere.

Ranar 6 ga Disamba Eintracht Frankfurt ta zo, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Europa a 2022 ta kuma buga wasan ƙarshen wannan kofin watanni shida da suka wuce. Wannan karon ba a ma iya cewa sata aka yi ba. Saarbrücken ta fi ta son wasan, ta fi ta cin ƙwallon sama da na ƙasa, Brünker ya ci bayan hutu, Luca Kerber ya ƙara, aka tashi 2-0. Kwana uku bayan nan Frankfurt ɗin ta karɓi Bayern a gida ta yi mata 5-1. Duk mai son ya jera waɗannan sakamakon ya fitar da wanda ya fi wani, sai dai kansa ya yi ciwo.

Borussia Mönchengladbach ranar 7 ga Fabrairu ya kamata ta buga. 'Yan kallo sun cika fili, ruwa na zuba, ma'aikata suka fito da injin hura ganye suna ƙoƙarin busar da ciyawa, abin dariya abin tausayi, hoton ya zagaye duniya. Alƙali ya duba ya ce ba za a buga ba. Aka sake shimfiɗa sabuwar ciyawa, aka dawo ranar 12 ga Maris, ruwan ma ya sake dawowa. Robin Hack ya ci wa Gladbach a minti na 8, Amine Naïfi ya farke bayan minti uku. Daga nan Gladbach ta riƙe ƙwallo tana zagaye, tana ɓarar da dama, fili na ƙara jiƙewa, har minti na uku na ƙarin lokacin alƙali, aka ɓalle da gudu, Brünker ya ci. Kusan hoton daren Bayern ne aka sake wankewa.

Abin da ya maimaita kansa sau uku ya wuce sa'a, dabara ce. Koci Rüdiger Ziehl ya tsara ƙungiyar da ta san abu guda ta kuma iya shi sosai: ta ja baya da mutum biyar a layin tsaro, ta cushe tsakiya, ta bar wa baƙo ƙwallo da gefen fili, ta jira. Tana da dogon ɗan gaba da zai riƙe ƙwallo har a taso, tana da masu gudu, tana da gola da ke cikin ganiyarsa, tana da mutum 16,000 a kanta. Kuma kowace nasara tana ƙara wa ta gaba sauƙi, domin baƙon da ya zo ya riga ya san abin da ya sami na gabansa. Ƙafarsa na nauyi tun daga minti na 60 in ba a ci ba. Su kuwa masu gida babu abin da za su rasa.

Sai dai a lura da irin aikin da wannan dabara ke yi. Ba ta sa ɗan wasan rukuni na uku ya zama na Bundesliga ba. Ta rage yawan lokutan da za a gwada shi ne a inda ya gaza. Ratar da ke tsakanin rukunan ba a gudu take ba, ba a ƙarfin jiki ba, ba a tsayawa a layi ba, waɗannan duk ana koyar da su kuma an kusa daidaita a kansu. Tana cikin abin da mutum zai yi da ƙwallo a ƙafarsa a wuri matsattse: taɓawar farko, ganin fasin kafin a rufe, yanke shawara cikin rabin daƙiƙa, da yin haka sau ɗari ba kuskure. Rushe gini ya fi gina shi sauƙi. Ƙungiyar da aka ce ta hana wasa kawai, an ɗauke mata jarrabawar da ta fi wuya. Ranar da aka miƙa mata ƙwallo aka ce bismilla, ranar ake ganin rukuninta.

Kar ta san kar

Ranar ta zo 2 ga Afrilu 2024. A wannan shekarar manya sun zube da wuri, ƙungiyoyin Bundesliga uku kacal suka kai zagayen 'yan takwas, kuma a daf da ƙarshe Leverkusen kaɗai ta rage. Ƙuri'a ta ba Saarbrücken maƙwabciyarta kuma abokiyar gabarta, Kaiserslautern, tafiyar kilomita 70 ko ƙasa da haka, wadda a lokacin take fafutukar kada ta faɗo daga rukuni na biyu. A takarda wannan ce abokiyar karawa mafi sauƙi tun bayan Karlsruhe. Mutane da dama, a karon farko, suka ce Saarbrücken ce za ta wuce.

Kocin Kaiserslautern, Friedhelm Funkel, dattijo ne mai shekara 70 da ya ga jiya ya ga yau, kuma bai zo da girman kan da zai kashe shi ba. Ya ƙi ɗaukar matsayin babba. Ya ja mutanensa baya, ya ƙi buɗe filin da za a gudu a bayansa, ya bar wasan ya yi sanyi. Rabin farko ba daɗin kallo, kowa na jiran kowa. Saarbrücken ta samu kanta da ƙwallo a ƙafa da ƙofa a rufe, abin da Bayern da Gladbach suka sha a hannunta. A minti na 53 Marlon Ritter ya sa kai, ƙwallo marar ƙarfi, irin wadda Schreiber ya kama ɗari a kakar, ta sulale ta tsakanin ƙafafunsa. Yaron da ya tsare Sané da Coman. Almamy Touré ya ƙara ta biyu da kai a minti na 75. Da aka ci 'yan Saarbrücken, dole su fito neman farkewa, kuma ba su da kayan aikin. Aka tashi 2-0.

A ganina wannan wasan ya fi na Bayern bayyana gaskiyar lamarin. Ratar rukuni biyu ta fi sauƙin tsallakewa a dare ɗaya fiye da ratar rukuni ɗaya, domin babba na sosai dole ya kawo hari, mutuncinsa ba zai bar shi ya zauna ba, na kusa da kai kuwa ba ya jin kunyar yin irin wasanka, kuma ya ɗan fi ka iya shi.

Haka abin yake a lig, inda kowane mako Saarbrücken ce babbar ƙungiya mai tarihi da cikar fili, ƙananan ke zuwa su tsare gida. Ta yi ta canjaras. Ga kuma wasannin da ruwa ya sa aka ɗage suka taru mata a ƙarshen kaka, ga gajiyar kofi a kan 'yan wasan da ba su da benci mai zurfi. Wannan ma wani gefen ratar ne da ba a gani a minti 90: Bayern na iya ajiye Kane ta sako Choupo-Moting, ƙungiyar rukuni na uku in mutum biyu suka ji rauni sai tsarin ya karkace. Saarbrücken ta ƙare ta biyar. Ulm da Münster da Regensburg suka haye. Ƙungiyar da ta kori Bayern ba ta ma samu gurbin kofin baɗi ta hanyar lig ba, sai da ta je ta ci kofin yankin Saar.

Kaiserslautern ta tsira a rukuni na biyu, ta je Berlin ranar 25 ga Mayu ta gamu da Leverkusen ta Xabi Alonso, wadda ta gama Bundesliga ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Granit Xhaka ya ci da wani dogon shot tun da wuri. Aka ba Odilon Kossounou jan kati kafin hutu, Leverkusen ta buga rabin wasa da mutum goma, duk da haka Kaiserslautern ba ta iya farkewa ba. A shekarar da aka ce ta ƙanana ce, kofin ya tafi hannun zakaran ƙasa. Haka kuma aka saba. Hannover 96 ce ta ɗauke shi daga rukuni na biyu a 1992, kuma daga nan har 2025 babu wata daga wajen Bundesliga da ta sake. Ƙungiyoyin rukuni na uku huɗu suka taɓa kai wasan ƙarshe, 'yan ko-ta-kwanan Hertha a 1993, Energie Cottbus a 1997, Union Berlin a 2001, Arminia Bielefeld a 2025, kuma duka huɗun an ci su. Wasan ƙarshe shi ne kaɗai ba a buga wa ƙarami a gidansa, shi ne kuma babu kocin da ke ajiye kowa a benci.

Abin da ya rage a hannu

Kuɗi ya shigo, ba kaɗan ba. A kakar 2023/24 shiga zagayen farko yuro 215,600 ne, kuma kowane zagaye ninkawa ake yi, har zuwa kusan miliyan 3.45 na daf da ƙarshe. In aka tara, Saarbrücken ta samu sama da miliyan 6.5, ban da rabonta na kuɗin ƙofa. Wajen Bayern wannan bai kai albashin shekara na ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta ba. Wajen Saarbrücken ya ninka kuɗin talabijin ɗinta na shekara wajen sau biyar. Shi ya sa nake ganin masu cewa kofi biki ne kawai ba su yi adalci ba, kofi na daga cikin 'yan hanyoyin da kuɗin sama ke gangarowa ƙasa. Amma kuɗin shekara ɗaya ne. Ba za ka ɗauki ɗan wasa da kwantiragin shekara uku a kan kuɗin da ba ka san za ka sake gani ba, kuma 'yan wasan da suka yi fice idon manya ya riga ya faɗa kansu. Schreiber da aka aro ya tafi, Kerber ya koma Heidenheim ta Bundesliga. A watan Agustan 2024 Nürnberg ta fitar da Saarbrücken tun a zagayen farko da bugun fenareti.

Bielefeld, da ta biyo sawu a kakar 2024/25, ta nuna ana iya haɗa biyun: ta kori ƙungiyoyin Bundesliga huɗu har da Leverkusen mai riƙe da kofin, ta kuma ɗauki rukuni na uku ta haye. Sai dai ita a 2022 tana Bundesliga, faɗowa ta yi sau biyu a jere, ba a ƙasan ta girma ba. Kuma a Berlin Stuttgart ta ci ta huɗu kafin ta farke biyu a ƙarshe.

A kakar 2024/25 ɗin Saarbrücken ta ƙare ta uku, matsayin da ke ba da damar karawa da ta 16 a rukuni na biyu, gida da waje, wanda ya yi nasara ya zauna a sama. Eintracht Braunschweig ce, ƙungiyar da ta sha wuya duk shekara. Babu dokar da ta ba ƙarami gida shi kaɗai a nan, wasa biyu ne. A Ludwigspark, filin da Bayern da Frankfurt da Gladbach suka faɗi, Braunschweig ta ci 2-0. A wasa na biyu Saarbrücken ta yi ta maza ta rama biyun, aka tafi ƙarin lokaci, Braunschweig ta zura biyu. Jimilla 4-2, Saarbrücken ta sake kwana a rukuni na uku.